Zuru ta fi ƙarfin bidiyon kwana ɗaya

Duk wanda ya rubuta sunan Zuru a intanet yau, abin da zai fara cin karo da shi labarin hare-haren 'yan bindiga ne a Danko/Wasagu da Sakaba. Ba ƙarya ba ne, jama'ar yankin sun sha wuya. Amma garin da ba a jin sunansa sai ranar makoki, sannu a hankali baƙo da ɗan kasuwa da malamin makaranta duk sai su riƙa kauce masa.

Matasanmu masu yawo da waya suna ɗaukar bidiyon garuruwa don TikTok da YouTube sun yi yawa yanzu, kuma abin a yaba ne. Sai dai idan sun shigo Kebbi, Argungu suke nufa, tun ba ma bayan da UNESCO ta sanya bikin kamun kifinta cikin al'adun duniya a 2016 ba. Wanda ya kai Zuru kuwa, lokacin Uhola yake zuwa, ya ɗauki rawa da kokawa, washegari ya kama hanya.

Uhola biki ne na godiya bayan an kawar da amfanin gona, ba wanda zai raina shi. Amma me bidiyon daƙiƙa talatin zai faɗa game da Golmo, al'adar da saurayin Dakarkari ke shafe shekaru yana noma a gonar surukansa kafin a ba shi mata? Wa zai tsaya ya tambayi tsofaffin mata yadda ake gina tukwanen yumɓun da ake ɗorawa a kan kaburbura, waɗanda yau ake samun irinsu a gidajen tarihi na Turai? Ga kuma harshen C'lela, wanda Hausa ke ci gaba da cinye masa fili a bakin yara.

Ranar 1 ga Oktoba ita ce ta fi ba ni takaici. Zuru garin sojoji ne, kowa ya sani. Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya riƙe hafsan sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Marigayi Sarki Muhammadu Sani Sami ma Manjo Janar ne, ya yi gwamnan soja a Bauchi. Bayan manyan, akwai ƙananan sojoji masu ritaya a unguwanni, wasunsu sun ga yaƙin basasa da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi. Hira da mutum ɗaya cikinsu ranar bikin 'yancin kai ta fi hoton fareti goma daraja.

Abinci kuma, kada mai bidiyo ya tsaya a otal. Ya shiga kasuwa, ya ci tuwon dawa a hannun mai sayarwa, ya faɗi farashi da wurin zamanta, ko ta samu sababbin masu ciniki.

Wannan aiki ba na baƙo ba ne kaɗai. Ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru suna da wayoyi, da yawansu suna jin yaren, sun kuma san hanyar da ake bi da wadda ba a bi bayan la'asar. Wannan bayani na ƙarshe ma su sa shi a cikin bidiyon, don mai shirin zuwa daga Kontagora ko Birnin Kebbi shi zai fara nema.