Saƙon da Kunne Ba Ya Ji

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa guda, alhali kuwa da irinsa jemage ke gane hanya cikin duhu. Masana sun daɗe da ɗora wa wannan siririn sauti saƙo. Tun 1956 kamfanin Zenith na Amurka ya fitar da rimot ɗin talabijin mai aiki da shi. A 2017 kuma Google ya sa shi cikin manhajar Tez a Indiya, inda wayoyi biyu kan gane juna ta hanyar sauti kafin a tura kuɗi.

Abin da ke damunmu shi ne halinmu, mu 'yan boko, idan na'ura ta ƙi aiki. Sai mu jijjiga ta, mu ce jabu ce, mu kai wa mai gyara, ba mu tsaya mun tambayi dalili ba. Rashin sani, in ji Bahaushe, kaza ta kwana kan dami.

Dalilan kuwa ba boyayyu ba ne. Na farko, lasifika da makirfon waya domin murya aka ƙera su, saboda haka da yawansu kan raunana idan sauti ya doshi 20,000. Na biyu, siririn sauti ba ya nisa, iska kan shanye shi, aljihu ko rigar waya kan tare shi. Na uku, amsa-kuwwar ɗaki kan sa saƙo ya hau kan ɗan'uwansa, ƙarar ƙarfe kuma ta rikita shi. Ko rimot ɗin Zenith, kaɗa makullai kan sa ya sauya tasha. Na huɗu, wata wayar da kanta kan tace shi, ta ɗauka hayaniya ce, layin tarho na gargajiya ma ba ya wuce 3,400. To, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya: a duba ko an ba manhaja izinin makirfo, a cire riga, a ƙara murya, a kusanto da wayoyin, a sauya ɗaki. Wanda ya sauya abu biyu lokaci guda ba zai san mai laifi ba.

Maganar ta wuce gyara. A 2017 masu bincike a jami'ar Braunschweig ta Jamus sun gano manhajojin Android 234 masu sauraron irin wannan sauti a ɓoye, domin 'yan talla su san abin da mai waya ke kallo. Wanda bai san yadda saƙon ke tafiya ba, yaya zai gane ranar da aka yi amfani da shi a kansa?

Ya 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, gobe mu ne za mu sa hannu a sayo wa ofisoshi na'urori. Ya kamata tun yau mu koyi bin sawun matsala, kada mu zama masu saye kawai.