A Binciki Asalin Baƙon Itace Kafin A Dasa Shi

A ƙasar Hausa, idan mutum ya zo neman aure, ba a ɗaukar yarinya a miƙa masa don kawai ya sa babbar riga ko ya iya gaisuwa. Sai an tura dattawa garinsu sun binciko asalinsa, da halinsa, da irin zaman da ya yi da mutanen da ya baro. To, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ra'ayina a wannan 'yar maƙala shi ne, itacen da aka kawo daga wata ƙasa shi ma ya kamata a yi masa irin wannan bincike kafin a ba shi wuri a gonakinmu. Aure idan ya ƙi daɗi ana iya rabuwa, amma itacen da ya zuba 'ya'ya a ƙasa, raba shi da ita ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba haka kawai na ɗauko wannan magana ba. Shekarar da muka shigo wannan makaranta, ranar dashen itatuwa da damina, aka kawo mana dashe a cikin 'yan baƙaƙen ledoji aka raba mana. Na tambayi wanda ya kawo su sunan itacen, ya ce shi dai abin da ya sani, yana da saurin girma, kuma awaki na son ganyensa. Muka dasa su a bayan madafa, kusa da famfo, muna ta murna. Gaskiya ya faɗa, don kuwa kafin shekara ta zagayo sun fi mu tsawo, har sun yi fure sun saki kwanso. Amma da damina ta biyu ta sauka, sai muka ga 'ya'yansa sun tsiro kamar an watsa gero, sun cika lambun makaranta, sun shiga kunyoyin albasa da na tumatir. Tun daga nan babu Asabar ɗin aikin gayya da ba ma fita da fartanya da adda. Wanda muka sare, bayan 'yan makonni sai ya tofo da rassa huɗu ko biyar. Daga baya ne malaminmu na aikin gona ya gaya mana sunansa lusina, asalinsa daga ƙasar Meziko, kuma yana cikin jerin halittu 100 mafiya mamaye ƙasa waɗanda masana suka fitar a shekarar 2000. Na ce, "Malam, ashe an san halinsa tun ba a haife mu ba?" Ya ce, "An sani, tambaya ce ba a yi ba."

Da na je hutu gida Rurum Sabon Gari, na ba kakana wannan labari. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nema, sai yau ka gani? Taso mu je gona." Ya kai ni gindin wata tsohuwar ɗorawa wadda ya gada daga mahaifinsa. Kewaye da ita duk 'ya'yan darbejiya ne, manya da ƙanana, alhali kuwa babu wanda ya taɓa dasa darbejiya a gonar. Jemagu da tsuntsaye ne suke shan 'ya'yanta a cikin gari, su zo su sauka a kan ɗorawa su yar da ƙwallon. Ya ce kowace shekara lokacin sharar gona sai ya sare su, in ba haka ba da tuni sun rufe gindin ɗorawar, ba za a sami wurin da ƙaramar ɗorawa za ta taso ba. Ɗorawar nan kuwa ita ce daddawar gidanmu, ita ce garin da muke sha, makubarta kuma da ita ake gyaran daɓe da katanga.

Kada wani ya ce na tsani darbejiya. Ina! Asalinta daga ƙasashen Indiya da Bama ne, an fara dasa ta a Lardin Barno a shekarar 1928, yau ga ta ko'ina, wasu na ce mata dogon yaro, wasu maina, wasu bedi. Ita ce inuwar kasuwanninmu da makarantunmu, ganyenta da 'ya'yanta suna maganin ƙwari, kuma a kwarin Majiya ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1975 aka jera ta layi-layi don ta tare iska, gero ya sami sauƙi. Amma ita ɗin ce kuma ta bazu a filayen da ke kewaye da birnin Ankara na ƙasar Gana, ita ce kuma hukuma ta sa cikin miyagun tsirrai a arewacin Ostireliya. Wato itace ɗaya yana iya zama alheri a bakin titi, ya zama fitina a bakin rafi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wani itace mai ƙaya wanda masana ke kira Prosopis juliflora, ɗan'uwan ƙiryarmu ne, amma halinsu ya sha bamban. Daga Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita aka ɗauko shi, aka yi ta raba shi a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, don ba ya jin fari, yana tsayar da rairayi, yana ba da itacen girki da gawayi. Kwansonsa yana da zaƙi, dabbobi na rububinsa, ƙwayar kuwa ba ta narkewa a cikinsu, sai ta fita cikin kashi ta tsiro duk inda garke ya bi. An kai shi Sudan a 1917. Da ya toshe magudanan ruwa ya cinye gonakin rani, sai a 1995 gwamnatin ƙasar ta ba da umurnin a kawar da shi, amma har yau bai kawu ba. A Kenya an dasa shi a yankin tafkin Baringo cikin shekarun 1980. A 2006 makiyayan wurin suka kai gwamnati ƙara, har suka jawo akuya wadda haƙoranta suka zube saboda cin kwansonsa suka kai ta kotu shaida. Ba sai mun je nesa ba ma. A jihar Difa ta Nijar, an dasa shi cikin shekarun 1970 don tsayar da tuddan rairayi, da ruwan tafkin Cadi ya ja baya sai ya bi gurbin ruwan ya zama kurmi wanda aka ƙiyasta ya haura hekta 300,000, ya tare wa masunta da manoma da makiyaya hanya. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo ya zo ya kori masu gida.

Me ya sa abin ya shafe mu mu mutanen Rano da Kibiya? Saboda muna da duk abin da irin wannan itace yake nema. Ga madatsar ruwa ta Tiga a kusa da mu, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga gare ta ruwa yake bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura. Ga fadamu, ga gandun dajin Rurum, ga kuma shanu da tumaki da awaki masu ratsa ƙasarmu rani da damina. Ƙwayar da ta faɗa magudanar ruwa a nan, Allah kaɗai ya san gonar da za ta tsaya. Mun kuma ga abin da kacalla ta yi a fadamun Haɗeja da Nguru, bayan da madatsun Tiga da Calawa suka sa ruwa ya riƙa gudu duk shekara. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar jan-baki. Ita ba itace ba ce, amma ta koya mana cewa idan tsiro ya sami wurin da ya yi masa daɗi, kuɗi da ƙarfi ba sa fitar da shi cikin sauƙi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

To, yaya ake gane halin itace tun bai yi ɓarna ba? Akwai hanya, kuma ba duba ba ce. A 1997 ƙasar Ostireliya ta fara aiki da wani tsari na tambayoyi 49 waɗanda ake yi a kan kowane tsiro kafin a bar shi ya shiga ƙasar. Kowace amsa tana da maki, kamar jarrabawa, sai dai a nan yawan maki shi ne faɗuwa. Wanda makinsa bai kai 1 ba a karɓe shi, daga 1 zuwa 6 a ƙara bincike, wanda ya haura 6 kuwa a hana shi shiga. Tsibiran Hawai da wasu ƙasashe sun ɗauki wannan tsari sun gyara shi daidai da wurarensu. Da na duba irin tambayoyin, sai na ga yawancinsu ko kakana zai iya amsawa in an yi masa su da Hausa.

Tambaya ta farko, kuma uwar sauran, ita ce, shin itacen ya taɓa zama fitina a wata ƙasa mai zafi da ruwan sama irin namu? Wannan ita ce tura dattawa garin mai neman aure. Sa'an nan a tambaya, shekara nawa yake yi kafin ya fara 'ya'ya, kuma 'ya'yan suna da yawa? Me yake ɗaukar irinsa, iska ce, ko ruwa, ko tsuntsaye, ko dabbobi? Ƙwayarsa tana daɗewa a ƙasa ba ta mutu ba? Idan an sare shi ko an ƙone shi, yana tofowa? Yana da ƙaya, ko yana cutar da dabba? Yana haɗuwa ya yi duhuwa ya hana ciyawa da sauran itatuwa fitowa?

Mu gwada itatuwan nan uku. Shi mai ƙayar nan, kusan kowace tambaya amsarta i ce, saboda haka a ganina bai kamata a bar ko dashe ɗaya nasa ya kusanci Tiga ba. Lusina ba ta da ƙaya, ganyenta abincin dabbobi ne idan an gauraya da wani abu, tana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, amma tana 'ya'ya da wuri, ƙwayarta mai tauri ce tana shekaru a ƙasa. Ita sai a hannun manomin da zai riƙa yanke ta kafin ta yi kwanso, nesa da bakin ruwa. Darbejiya kuwa jemagu na yaɗa ta, tana kuma tofowa, amma ba ta da ƙaya, ƙwallonta kuma ba ya wuce 'yan makonni ko watanni yake mutuwa. A bar ta a tituna da kasuwanni, a riƙa cire 'ya'yanta daga gonaki da gandun daji tun suna ƙanana. Kun ga ke nan bincike ba hana dashe yake yi ba, nuna wa kowane itace wurin zamansa yake yi.

Na san wani zai ce, "Ai mangwaro da gwaiba da rogo da masara duk baƙi ne, da an hana su shigowa me za mu ci?" Wannan gaskiya ne, mafi yawan baƙin tsirrai ba sa ɓarna. Amma shi ya sa ake binciken, don a ware 'yan kaɗan ɗin nan masu ɓarna. Wani kuma zai ce hamada tana tahowa, itacen girki ya yi tsada, ba mu da lokacin tsayawa tambaya. Ni kuwa na ce mutanen Sudan da na Baringo ma sauri suke yi. Binciken wata guda ya fi saran shekara talatin araha.

Ban da haka, wa ya ce itatuwan gida ba za su iya aikin ba? A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983 manoma suka fara barin tofon kututturan da ke gonakinsu, suna rage rassa su bar masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da ledar dashe ba. Da yawansu gawo ne, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Muna da kuka, da tsamiya, da kanya, da ɗinya, da kaɗanya, da marke, waɗanda kakanninmu suka zauna da su lafiya.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ma'aikatan gandun daji, da masu aikin Babbar Koriyar Ganuwa wadda ƙasashen Afirka suka amince da ita a 2007, wadda kuma Kano ke cikin jihohi 11 da ta shafa a Nijeriya, su tabbata kowane dashe da za a raba yana tafe da sunansa da bayanin halinsa da Hausa. Masanan Samaru ta Zariya da na cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan su tsara mana tambayoyin da suka dace da ƙasarmu, a kai su hannun dagatai da masu unguwanni. Mu kuma ɗalibai, duk ranar dashe mu tambayi sunan abin da aka miƙo mana cikin ladabi, mu buɗe littafi a ƙungiyar matasa manoma mu riƙa rubuta inda aka dasa kowane itace, da lokacin da ya fara 'ya'ya, da inda 'ya'yan suka tsiro. Ni dai na ƙudura, bana idan ruwa ya sauka, ƙwayar kalwa zan kawo daga ɗorawar kakana in shuka a wurin da muka sare lusina. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.