Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Fim Kan Siddabarun Kwamfuta

Ya ku daraktoci da marubuta labarin fim,

Ana yawan cewa kwamfuta ta kashe labari a finafinan yanzu. Ni a ganina ba ta kashe shi ba, tilas kawai ta ɗauke wa darakta, kuma a nan cutar take. Lokacin da Steven Spielberg yake ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, kifin da aka ƙera masa da inji ya yi ta lalacewa a ruwan teku. Dole ya riƙa ɓoye shi, ya bar kiɗa da motsin ruwa da fuskokin mutane su tsorata mai kallo. Ko a Jurassic Park na 1993, fim mai tsawon awa biyu, dabbobin da kwamfuta ta zana ba su wuce kusan minti 6 a fuskar allo ba. Yawancin sauran lokacin jira ne da fargaba. Yau da babu abin da ya gagari nunawa, darakta yakan nuna komai tun farko, sai ido ya ƙoshi kafin zuciya ta damu da kowa.

Za ku ce mai kallo abin mamaki yake so, kuma shi ke kawo kuɗi. Da gaskiyarku, amma ku duba fim ɗin Baahubali. An kashe dukiya wajen zana fada da rundunoni da gangaren ruwa, amma abin da ya hana mutane sakat daga fitowar kashi na farko a 2015 zuwa na biyu a 2017 tambaya ɗaya ce: me ya sa Kattappa ya kashe Baahubali? Marubuci ne ya ƙulla wannan. Wasu kuma za su kawo Gollum na The Lord of the Rings a matsayin shaidar cewa kwamfuta na iya taɓa zuciya. Haka ne, sai dai akwai ɗan wasa Andy Serkis a bayan zanen, kuma tun a rubuce halittar tana da kwaɗayi da nadama.

Ku da kuke aiki da ƙaramin jari a Kano ko Kaduna, maganar ta fi shafar ku. Aljanin da aka zana da arha, yana fesa wuta daga ido, dariya yake ba mutane a inda ake son su firgita. Kafin ku biya mai haɗa hoto, ku karanta fitowar ba tare da siddabarun ba. Idan ba ta tsayu ba, ku mayar wa marubuci. Idan ta tsayu, ku rage abin da za a nuna, ku zuba kuɗin wajen sauti da haske da atisayen 'yan wasa.