Kimiyya a Sauƙaƙe: 'Yan Aiken da Ke Yawo a Cikin Jininka



Duk wanda ya yi darasin bayoloji ya ji sunan ATP, sinadarin da malamai ke cewa shi ne kuɗin da ƙwayoyin jiki ke kashewa su sami ƙarfi. ATP ɗaya ne daga cikin dangin sinadaran da ake kira nukiliyotayid, waɗanda da su ake gina DNA da RNA. Kowanne yana da sassa uku: sukari, da fosfet, da wani sinadari mai naitirojin. Yau za mu ga wani aikinsu na daban da ya shafi hawan jini.

A shekarar 1972 wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Burnstock, ya ce ATP yana fita wajen ƙwayar jiki ya kai saƙo. Masana da dama ba su yarda ba a lokacin, amma daga baya bincike ya tabbatar da maganarsa.

Ga yadda abin yake. Idan kana gudu a filin ƙwallo, tsokar ƙafarka tana shanye iskar oksijin. Jajayen ƙwayoyin jini da suka iso wurin sai su saki ATP. Shi kuma ya taɓa siririn rufin da ke cikin jijiyar jini, rufin ya fitar da iskar naitirik oksaid. Wannan iskar tana sa tsokar jijiyar ta samar da wani nukiliyotayid ɗin mai suna cGMP, sai tsokar ta saki, hanyar ta buɗe, jini ya wuce cikin sauƙi. Gano aikin naitirik oksaid ne ya sa masana uku suka sami kyautar Nobel a 1998.

To amma fa sai rufin yana da lafiya. Idan ya lalace, ATP ɗin nan zai iya kaiwa ga tsokar kai tsaye ya sa ta ƙanƙance, hanyar jini ta matse. Matsewar hanya kuwa tana ƙara ƙarfin bugun jini a kan bangon jijiya. Lafiyayyen awo yana kusa da 120/80, wanda ya tsaya a 140/90 ko sama kuma shi ne hawan jini.

Akwai ƙanen ATP mai suna ADP. Idan ka yanke, ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna sakin ADP su kira 'yan'uwansu su toshe raunin. Wannan alheri ne. Amma idan kitse ya taru a bangon jijiya har ya fashe, irin wannan kiran zai iya haɗa gudan jini ya toshe hanya gaba ɗaya. A zuciya, ciwon zuciya ke nan. A ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa likitoci ke ba wasu marasa lafiya maganin kulofidogirel, wanda ke hana ƙwayoyin amsa kiran ADP.

Me ke lalata rufin? Sigari da shisha, yawan sukari a jini, kitse, da hawan jinin kansa. Wannan ɓarnar tana iya farawa tun ana samartaka, a hankali, ba tare da ciwo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Don haka idan abokinka ya miƙo maka sigari ko bututun shisha, ka tuna da rufin nan. Ku kuma roƙi iyayenku su riƙa auna jininsu, domin hawan jini ba ya sallama.

Tambayar mako: fosfet nawa ATP ya fi ADP? Ku kawo amsa, sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya so.