Abin Da Ke Hana Otal-otal Ɗin Argungu Samun Baƙi Ta Intanet

Tun da UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin al'adun gado na duniya a 2016, wasu masu otal a Argungu da Birnin Kebbi suka buɗe shafukan intanet. Ɗaya daga cikinsu ya koka mini cewa nasa bai taɓa kawo masa baƙo ba. Da na buɗe shi a waya sai na gano ciwon: manyan hotuna masu cinye data, lambar wayar da ta mutu, ga Turanci zalla. Alhali da yawa daga masu zuwa Matan Fada Hausawa ne, wasunsu daga Nijar. Na shawarce shi ya rage hotunan, ya sabunta lambar, ya bayyana kuɗin ɗaki, sannan ya ƙara Hausa da Faransanci.