Mu Leƙa Duniya: Abin Da Muka Gano A Ƙasar Kambodiya

A wannan wata filin namu zai yi nisa, har ƙasar Kambodiya da ke kudu maso gabashin nahiyar Asiya, tsakanin Tailan da Biyetnam da Lawos. Harkar fatauci ce ta kai mu Bankok, sai muka ga tun da tafiyar jirgin sama ta kamar awa ɗaya ce tsakani, gara mu ƙarasa birnin Siem Reap mu ba ido abinci, don gani ya kori ji.

Da muka dawo muna ba da labari a ƙofar masallaci, sai wani dattijonmu ya ce, "To ku kuma me ya kai ku gidan gumaka?" Muka ce, "Baba, ba bauta ta kai mu ba. Mun je ne mu ga yadda waɗansu suka yi mulki suka shuɗe." Ya ce, "To me kuka gano?" Amsar da ba mu samu damar ba shi ba a ranar, ita ce za mu bayar yau.

Bari mu fara da abin da zai amfani mai niyyar zuwa. Lokacin da muka je, tikitin shiga yankin tsofaffin gine-ginen Angkor dala 37 ne na yini ɗaya, dala 62 na kwana uku, dala 72 na kwana bakwai. Dalar Amurka tana yawo a kasuwa tare da kuɗinsu, watau riyel. Ba a yarda mutum ya shiga da kafaɗa ko gwiwa a buɗe, wannan kuwa bai dame mu ba. Akwai unguwar Musulmi da masallacinta a cikin garin, can muke salla muna cin abincin halal. Abin hawa kuwa babur ne mai jan keken fasinja, ana ɗaukarsa shata tun asuba, domin in rana ta take, zafin wurin ba ya da daɗi.

Babban ginin da kowa ke rububin gani shi ne Angkor Wat, wanda hotonsa ke jikin tutar ƙasar. Sarkin ƙabilar Khmer mai suna Suryavarman na Biyu, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya sa aka gina shi don abin bautar Hindu da suke kira Vishnu, daga baya mabiya addinin Buda suka gaje shi. An kewaye shi da gwalalo cike da ruwa mai faɗin mita 190, hasumiyarsa ta tsakiya kuma ta kai tsawon mita 65. Duk da dutse aka yi, an sassaƙa jikin bango da hotunan yaƙe-yaƙe da giwaye da mayaƙa, mutum ya yi ta tafiya yana kallo har ƙafarsa ta gaji.

Gaba kaɗan akwai birni mai ganuwa, Angkor Thom, na Sarki Jayavarman na Bakwai da aka naɗa a 1181. A tsakiyarsa aka yi ginin Bayon mai manyan fuskoki na dutse sama da 200, duk inda ka juya suna kallonka. Wannan sarki ya gina asibitoci 102 a faɗin ƙasarsa, ya kuma gina Ta Prohm a 1186 don tunawa da mahaifiyarsa. Rubutun da ke jikin dutse a wurin ya nuna kusan mutum 80,000 ne ke yi wa wannan gida ɗaya hidima. Yau kuwa manyan itatuwa masu kama da rimi da ceɗiya sun hau kansa, saiwoyinsu sun tsaga bango sun rungume ƙofofi. Duniya ke nan.

Ƙarfin wannan daula a kan ruwa yake. Sun haƙa magudanai da manyan tafkuna, ɗaya daga cikinsu tsawonsa kilomita 8 ne, faɗinsa kilomita 2, har yau kuma yana riƙe ruwa. Da shi suke noman shinkafa suna ciyar da birni. Masana da suka bincika sun gano cewa a ƙarni na 14 da na 15 an yi ta fama da dogon fari, sa'an nan ambaliya ta biyo ta lalata magudanan. A 1431 kuma mayaƙan Ayutthaya, watau Tailan ta yanzu, suka auka wa birnin, sarauta ta koma kudu wajejen Phnom Penh inda fataucin jiragen ruwa ya fi ci.

To, ga abin da ya fara tsaya mana a rai. Mutanen Angkor suna da karatu da rubutu, amma littattafansu a kan ganyen giginya da fata suka yi su, gara da danshi suka cinye. Abin da ya saura shi ne rubutun jikin dutse, shi kuwa yawancinsa kirarin sarakuna ne da lissafin sadaka. Wanda yake son ya san yadda talaka ke zaune, me yake ci, yaya ake shari'a, sai ya nemi littafin wani baƙo, jakadan ƙasar Sin mai suna Zhou Daguan, wanda ya zauna can daga 1296 zuwa 1297. Daga bakinsa aka ji cewa mata ne ke riƙe da kasuwa. Zaman shekara ɗaya na baƙo ya zama madogarar tarihin al'umma guda. Bugu da ƙari, da Bafaranshe Henri Mouhot ya iso a 1860 labarinsa ya bazu a Turai, sai aka riƙa cewa shi ya gano wurin, alhali malaman addinin Buda ba su taɓa barin Angkor Wat ba. Har aka samu Turawan da suka yi shakkar ko kakannin mutanen ƙasar ne suka yi ginin.

A kwana na huɗu muka bar dutse muka nufi ruwa. Kudu da Siem Reap akwai tafkin Tonle Sap, mafi girma a wannan yanki na Asiya, kuma yana da wani abin al'ajabi. Da rani ruwansa yana gangarawa ta wani kogi zuwa babban kogin Mekong. In damina ta kankama Mekong ya cika, sai wannan kogi ya juya da baya yana zuba cikin tafkin. Nan da 'yan watanni tafkin da bai wuce murabba'in kilomita 2,700 ba yakan ninka kansa wajen sau biyar, zurfinsa ya tashi daga kamar mita 1 zuwa mita 9. Kifi ya shiga cikin dajin da ruwa ya shanye ya yi ƙwai. Da wannan kifi suke yin prahok, wani jiƙaƙƙen kifi da gishiri wanda ke matsayin daddawa a miyarsu. Sai dai a 2019 da 2020 juyawar ruwan ta yi latti ƙwarai, masunta suka sha wuya. An ɗora laifin a kan fari da madatsun ruwa da aka yi ta ginawa a saman Mekong.

Ƙauyukan wurin iri biyu ne. Akwai irin Kampong Phluk inda ake kafa gidaje a kan dogayen turaku, da rani sai an hau tsani mai tsawo kafin a shiga ɗaki, da damina kuwa kwalekwale ne ke tsayawa a bakin ƙofa. Wanda ya taɓa zuwa Nzulezo a nan Ghana zai gane fasalin. Akwai kuma irin Chong Kneas inda gidan kansa ke yawo a kan ruwa, an ɗaure shi bisa gora da durom-durom. In ruwa ya ja baya, sai a ɗaura wa gida igiya a ja shi da jirgi, gari duka ya tashi. Mun ga kanti da makaranta da wurin gyaran inji duk a kan ruwa, mun ga yara ƙanana suna tuƙa daro kamar kwalekwale.

Gargaɗi ɗaya ga mai zuwa. A wani ƙauyen, mai jirginmu ya ratse da mu wani kanti, aka ce mu sayi buhun shinkafa mu ba marayu. Muka saya da kuɗin da ya ninka na kasuwa, daga baya muka ji cewa sau da yawa buhun yakan koma kantin ne a sake sayar wa na baya. Mai son yin sadaka ya nemi limami ko shugaban unguwa ya damƙa masa.

Baƙi suna ɗaukar hoto suna cewa zaman kan ruwa abin sha'awa ne. Mu da muka tambaya sai muka ji abin da ya kashe mana jiki. Da yawa daga masu gidajen da ke yawo 'yan asalin Biyetnam ne waɗanda aka haifi iyayensu da kakanninsu a kan wannan tafki. An kori dubban ɗaruruwansu a 1970 zamanin Lon Nol, aka sake korar sauran a 1975 da 'yan Khmer Rouge suka ƙwace mulki, waɗanda suka rage kuma aka kashe su. Da suka dawo bayan 1979, takardunsu sun salwanta. Kambodiya tana kallonsu baƙi, Biyetnam ba ta san da su ba. Tsarin mulkin ƙasar ya ce ɗan ƙasa kaɗai ke mallakar fili, saboda haka tudu ya gagare su. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, shiga makarantar gwamnati yakan yi masa wuya, shi ma ya girma ya haifi marar takarda. A watan Maris na 1993 'yan Khmer Rouge suka far wa Chong Kneas da dare suka kashe mutum 33. A watan Yuni na 2021 kuma hukumar birnin Phnom Penh ta ba masu gidajen kan kogi mako ɗaya su kwashe.

A gefen wannan ruwa kuma akwai 'yan'uwanmu Musulmi, ƙabilar Cham, mabiya mazhabar Shafi'i, masunta ne da 'yan kasuwa. Su ma tsiraru ne kamar mu, suna da harshensu dabam da na masu ƙasa. Tsakanin 1975 da 1979 an rushe musu masallatai, an ƙone Alkur'anai, an tilasta musu cin naman alade, an hana su magana da harshensu, an karkashe malamansu. Amma bayan ƙura ta lafa ba su bar abin a baki kawai ba. Wani ɗan ƙabilar mai suna Ysa Osman ya bi ƙauye-ƙauye yana rubuta shaidar waɗanda suka tsira, ya buga littattafai, ya kuma ba da shaida gaban kotun da aka kafa tare da Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Nuwamba na 2018 kotun ta samu Nuon Chea, mataimakin Pol Pot, da laifin kisan ƙare-dangi a kan Cham da 'yan Biyetnam.

To, jama'a, masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dattijanmu ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Nawa ne aka haifa a zango, ba su san wata ƙasa ba, amma suka hau manyan motoci saboda ba su da abin nunawa? Ga shi har yanzu muna ganin mutum ya yi yankan rago ya tara maroƙa ranar suna, amma bai je ya yi wa jaririn rajistar haihuwa ba, alhali kyauta ce kafin yaro ya cika shekara ɗaya. Sai ranar neman fasfo ko katin ɗan ƙasa a fara fafutukar neman wanda zai tsaya wa mutum. Muna kira ga sarakunan zango da limamai su riƙa tambayar takardar haihuwa kamar yadda suke tambayar sunan da za a raɗa.

Haka kuma batun tarihinmu. Abin da muka sani mai yawa game da zaman Hausawa a Salaga da Kete Krachi, albarkacin alƙalamin Alhaji Umaru ne, wanda ya rasu a 1934 ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami. Tsohon garin Kete Krachi yana ƙarƙashin tafkin Volta tun shekarun 1960, amma rubutunsa yana nan. Gida nawa ne a zangunanmu ke da gafaka ko tsohon akwati cike da wasiƙun fatauci da takardun fili da sunayen kakanni, gara na ci ba mai dubawa? A fito da su a kakkaɓe, a ɗauki hotonsu da waya, a raba wa 'yan'uwa. Matasa kuma su zauna gaban tsofaffi tun suna da rai su rubuta daga ina gidansu ya taso, wace shekara, ta wace hanya. In ba mu yi ba, wata rana wani baƙo zai zo ya yi mana zaman wata uku, abin da ya rubuta shi jikokinmu za su karanta.

Baba, abin da muka gano ke nan. Wanda ke da tsohuwar takarda a gida yana son a duba masa, ya aiko wa wannan fili, za mu taimaka gwargwadon iko. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.