A Tattara Bayanan Gwamnati a Shafi Guda

Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga Gwamnatin Tarayya ta buɗe shafin intanet guda ɗaya, wanda duk mai neman bayanin hukuma zai shiga ya samu.

Ba doka muka rasa ba. Tun watan Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowace ma'aikata kwana 7 ta amsa buƙatar ɗan ƙasa, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Shafukan ma akwai su: kasafin kuɗi na shafin Ofishin Kasafi, kwangiloli na shafin NOCOPO na hukumar kula da kwangilolin gwamnati ta BPP, kuɗaɗen da aka biya na Open Treasury da aka buɗe a Disambar 2019, sunayen masu kamfanoni kuma na wurin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC.

Matsalar ita ce kowa nasa daban. A ce an fara ginin asibitin sha-ka-tafi a ƙauyenku, aka kai linta aka watsar, har awaki suka mai da shi makwanci. Kafin ka san nawa aka ware, wa aka ba, nawa aka biya shi, sai ka bi shafuka huɗu. Wata takardar hotonta kawai aka ɗora, ga tsawo, ba halin laluben sunan garinku a ciki, kuma kafin ta gama sauka datarka ta ƙare. In ka taka zuwa ofis, a ce oga ya shiga taro, ko fayil na kan teburin darakta, je ka dawo.

Shawarata a ba kowane aiki lamba guda da za ta bi shi daga kasafi har biyan ɗan kwangila. Mutum ya rubuta sunan ƙaramar hukumarsa, ayyukanta su fito masa. A yi shafin da Hausa, Yarbanci da Ibo ban da Turanci, mara nauyi, yadda ƙaramar waya za ta buɗe shi. Wanda bai ga abin da yake nema ba ya shigar da buƙata nan take, kowa yana ganin kwanakin da ma'aikatar ta ɗauka ba ta amsa ba. Bayanan tsaro da sirrin mutane kuwa da ma doka ta keɓe su.

Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA da kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone za su iya gina shafin, ofishin Antoni Janar ya sa ido. Jihohi ma su shigo ciki, domin ayyukansu ne suka fi kusa da talaka. Ina fata sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai za su ware wa shafin kuɗi a kasafin baɗi.



Mai karanta jaridarku,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.